'Ya'yan Tsohuwar Dabinon Hajji Salim

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a gonar Hajji Salim ba, kuma ku yarda da ni, na yi ƙoƙarin mantawar. Na manta sunan mushe, wato malamin bokon da ya koya mini lissafi, kullum sai na nemi madubin idona alhali yana kan hancina, har raka'a takan ɓace mini idan ban yi hankali ba. Amma wannan Juma'a tana nan daram, ba ta tsufa, ba ta kodewa.

Bari in fara gabatar muku da kaina, don ku san irin babban malamin da abin ya faɗa wa. Na yi lakwal, makarantar boko ke nan, shekara uku cur a ƙauyenmu na ƙasar Gure, kafin mushe ya kira mahaifina ya ce a mai da ni gida, karatu ya ishe ni (ni na ɗauka yabo ne, kuma har yau ban nemi wata fassara ba). Da wannan ilimi na ƙetaro hamada na zo Sabha. Na yi shekaru ina ɗaukar bulo a unguwannin Hajara da Abdulkafi, har ranar da ƙashin bayana ya ce shi dai ya gama aiki. Daga nan wani ya haɗa ni da Hajji Salim, wanda yake neman dattijon da zai zauna masa a gona bayan gari, ya buɗe ruwa, ya rufe ruwa, ya kori awaki.

Hajji tsohon mai fatauci ne, ya yi ƙuruciyarsa tsakanin Sabha da Agadas, can ya tsinci Hausarsa ta kasuwa. Taya da inji ya sani. Dabino kuwa a faranti ya san shi, gonar gadonta ya yi. Sai ga mutum biyu sun haɗu a kan gona ɗaya, kowa yana zaton ɗan'uwansa ne gwani.

A gonar akwai wata doguwar dabino kusa da rijiya, ta ɗan karkata kamar mai ciwon ƙugu. Kowa Tsohuwa yake ce mata. Mahaifiyar Hajji ce ta zo da ita daga ƙauyensu lokacin da aka kawo ta amarya, tana 'yar ƙarama, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. 'Ya'yanta dogaye ne masu laushi, ka sa a baki su narke, ko marar haƙori irina ba ya shan wahala. Babu irinta a kasuwa. Hajji ba ya sayar da ko ɗaya, rabawa yake wa 'yan'uwansa, kowa ya ci ya yi wa mahaifiyarsu addu'a.

Ga wanda bai san dabino ba, hanyar haihuwarsa biyu ce. Akwai ƙwallo: ka binne, ya tsiro, amma ba ka san abin da za ka samu ba, don ƙwallo yana da uwa yana da uba, kuma yana iya ɗauko halin wani kakansa can da ba a so. Yana iya ma fitowa namiji, ka yi shekaru kana ba shi ruwa ya saka maka da garin fure kawai. Sai kuma 'yar gindi, wadda mutanen nan suke kira fasila. Ita daga jikin uwar take tohowa, ba ruwanta da uba, idan aka yanke ta aka dasa, uwar ce sak ta sake dawowa. A ƙasarmu ƙwallo muke binnewa mu jira abin da Allah zai fitar. A nan kuwa fasila ce dabino, na ƙwallo kallon ɗan tsintuwa ake masa.

Damuwar Hajji ita ce, dabino tun tana da ƙuruciya take fitar da fasila, idan ta manyanta sai ta daina. Tsohuwa ta daina tun kafin a haifi 'ya'yansa, waɗanda aka cire a da kuma duk sun mutu. Irinta guda ɗaya ta rage, a gonar wani ɗan kawunsa can cikin kwari, tafiyar rabin yini. Ɗan kawun ya aiko masa cewa ya zo ya cire fasila biyu da sauri, rijiyarsa ta fara ja da baya. Hajji yana ta cewa gobe, jibi, sai mota ta fito daga gyara.

To, ni ina da wata 'yar ɗabi'a. Akwai abokina Sanusi, direban babbar mota da ke bin hanyar Dirku, duk zuwan da zai yi sai ya kawo mini dabinon Bilma cikin 'yar jaka. Kun san shi, busasshe, mai tauri kamar tsakuwa. Za ku ce wane irin mutum ne zai zauna a tsakiyar ƙasar dabino yana tsotsar na Bilma? Mutumin da ya yi shekara da shekaru bai ga gida ba, shi ne. Ƙanshin jakar kakata yake yi mini. Kunya ta sa ba na ci a gaban mutane. Bayan sallar azahar nakan jingina da Tsohuwa, in sa guda a baki in yi ta tsotsa har ya saduda, sannan in tofar da ƙwallon ta gefen dama, tuf. Saboda tausayin tsufanta kuma (da kuma son wurin zamana ya yi sanyi, gaskiya) na janyo tiyo na aje a gindinta, ruwa yana ɗiga dare da rana.

Wata safiya sai na ga wasu korayen tsinke-tsinke sun leƙo daga gindinta. Na kira Hajji. Ya zo ya tsuguna ya duba, sannan ya kama hannuna na dama da hannayensa biyu.

"Malam," ya ce, "wannan hannu naka akwai baraka. Shekara nawa ba ta haihu ba! Kai ka zo, ta haihu."

Na sunkuyar da kai irin na salihai, na ce ai ba yina ba ne, yin Allah ne. A cikin raina kuwa cewa nake: yin Allah ne, amma ai ya zaɓi wanda zai bi ta hannunsa.

Maƙwabcinmu na gona, manomi ne tun kakanni, ya leƙo ya duba. Ya ce tsohuwar dabino ba ta haka, kuma ganyen bai yi masa kama ba. Da ya tafi na gaya wa Hajji cewa hassada ce, mu yi masa addu'ar shiriya.

Da suka yi ƙwari na cire su. Fasila ta gaskiya, wanda ya sani ya sani, sai da ƙaton ƙarfe mai faɗin baki da ƙarti biyu da gumi, kuma za ka ga tabon yanka a inda take manne da uwar. Bayan wannan wahala ma wasu sukan mutu. Nawa kuwa da shebur na ɗago su ɗaya bayan ɗaya, kamar ana cire albasa, ba tabo ba rauni. Na ce Tsohuwa ce take miƙo mini su da kanta. Tun da yau ranar faɗin gaskiya ce, bari in ƙara: sau ɗaya na ga wani ɗan baƙin ɓawo maƙale a saiwar guda. Na dube shi, shi ma ya dube ni. Na kaɗe shi da yatsa na ci gaba da aiki.

Goma sha ɗaya na dasa, goma sha ɗaya suka kama. Hajji ya buga wa ɗan kawunsa waya a gabana, yana dariya, ya ce ya gode, ya huta da doguwar tafiya, yanzu shi ne ma zai riƙa rabo. Ba a yi shekara biyu ba rijiyar can ta ƙafe, gonar ta bushe ƙurmus. Da labari ya zo Hajji ya ce, "Alhamdu lillahi da muna da Malam." Ni ma na ce alhamdu lillahi.

Sai ga Duktura Najat. 'Yar ƙanen Hajji ce, tana koyarwa a jami'a, mahaifiyarta 'yar Agadas, don haka Hausarta ta fi ta baffanta nesa ba kusa ba. Aikinta shi ne bin tsofaffin gonaki tana tattara ganyen dabinon da ke neman ɓacewa, a rubuta kowane iri da shaidarsa. Ta zo da almakashi da 'yan ledoji da akwatin ƙanƙara. Ta sa aka hau aka yanko mata ganye daga Tsohuwa, ta bi ƙananan ɗaya bayan ɗaya tana yanka tana sa lamba. Ni kuma ina biye da ita, hannuna a baya, kamar sufeton lakwal.

"Duktura, allura za a yi wa ganyen ne, ko awon ciki?"

Ta yi murmushi. "Baba, da me ka cire su daga jikin uwar?"

"Da bismillah."

"Bayan bismillah fa?"

"Da shebur, 'yata. Wasu sai da ƙarfe, wasu kuma an ba su hannu."

Ta tsaya da rubutu ta ɗan dube ni. Na ɗauka mamakin baiwata take.

Bayan 'yan watanni kan Tsohuwa ya fara yin ruwan ɗorawa, zarɓarta tana sunkuyowa. Hajji ya ga alama, sai ya yanke shawarar tara 'yan'uwansa maza da mata a gona ranar Juma'a, a yanka rago, a ba kowane gida ɗaya daga cikin ƙananan, don kowa ya sami uwarsu a ƙofarsa. Aka rubuta sunaye a kwali aka ɗaura wa kowace. Ni kuma na ɗinka sabuwar riga mai ruwan sararin sama, na gayyato Sanusi ya zo ya ga yadda ake girmama ɗan Gure a ƙasar mutane, ya kai labari gida.

Duktura ta riga kowa isowa, da wata doguwar ambulan a hannu. Ta same ni ina ba masu gashi umarnin da ba su nema ba.

"Baba, ina son magana da kai, kai kaɗai."

"Bari a sauke nama, 'yata."

Bayan an dawo daga masallaci ta sake tare ni a bakin rijiya. "Baba, don Allah minti biyu. Na nemi Baffa tun jiya ban same shi ba, gara in fara da kai."

Ni a zatona sirrin hannuna take so in ba ta ta kai jami'a. Na ce mata ilimi ba a yin sa a lungu, ta bari a gaban jama'a kowa ya ƙaru. Sau biyu Allah ya buɗe mini ƙofa, sau biyu na rufe ta da ƙafata.

Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar Tsohuwa, maza a nan, mata a can ƙarƙashin rumfa. Aka kamo hannun yayar Hajji, Hajja Mabruka, wadda idonta ya tafi, aka kai ta gun wadda ke ɗauke da sunanta. Ta shafa ganyen da tafin hannu tana kuka a hankali, tana cewa, "Ummi, ummi." Ko ni sai da na share ido.

Hajji ya yi godiya ga Allah, ya yi godiya gare ni, ya ce Malam ya ce wani abu. Na miƙe na gyara riga. Na yi jawabi rabi Larabci rabi Hausa, a kan haƙuri da tsarkin zuciya da yadda itace yake gane mutumin kirki. Da na ga kawuna suna gyaɗawa sai daɗi ya kwashe ni, na ce, "Ga ma 'yarmu Duktura da takarda daga jami'a. Taso, 'yata, ki karanta musu, su ji boko ma ya shaida."

Ta ce a bari sai an watse. Na ce ina, yanzu. Ta dubi baffanta. Hajji yana murmushi ya ce, "Karanta, ya binti."

Ta zo ta durƙusa a bakin tabarma ta buɗe takardar. Ba rubutu ba ne sosai, wasu 'yan gajerun layuka ne baƙaƙe, jere-jere kamar matakan tsani. Ta yi bayani da Larabci, sannan ta juyo gare ni da Hausa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Baba, ka san tsagar gado da ake yi a fuska a can gida? Kowane itace yana da irin tata a cikin ƙwayoyin jikinsa, ido ba ya gani, sai an niƙa ganye an bi da shi ta na'ura. Wannan jeri na farko na Tsohuwa ne. Idan fasila ce, tsagarta za ta zama iri ɗaya da ta uwar, layi bisa layi, don jiki ɗaya ne. Idan kuma daga ƙwallon uwar ta fito, a kowane wuri za a sami layi ɗaya na uwa, ɗaya na uba."

Na sa madubi na leƙa. Ko mai lakwal shekara uku ya ga abin da ke wurin. Jerin farko daban, sauran goma sha ɗayan kowanne ya kama gabansa, ba wanda ya yi kama da wani.

Na cire madubin. Ni kuma duk lokacin da hankalina ya tashi, hannuna yakan tafi aljihu da kansa. Ban san lokacin da na sa dabino a baki ba.

"To ai shi ke nan," na ce da baki cike, "ƙwallayenta ne suka faɗo suka tsiro. Jikoki ne. Jini ɗaya ne dai."

Ta girgiza kai. "Na so haka, Baba. Na maimaita awon sau biyu. A wurare da yawa babu layinta ko ɗaya a cikinsu. Ba fasilarta ba ne, ba 'ya'yan ƙwallonta ba ne. Ba su ma yi kusa da ko ɗaya daga dabinon yankin nan na Fezzan da muka tattara ba."

Hajji ya dubi takarda, ya dubi ƙananan da sunayen 'yan'uwansa ke lilo a jikinsu.

"To daga ina?" ya ce. "Wa ya kawo baƙon ƙwallo gindin uwata?"

Jama'a, bakin da ya yi shekaru yana abu ɗaya a wuri ɗaya ba ya neman izinin mai shi. Ina tsaye a daidai inda na saba zama. Kaina ya juya dama, leɓuna suka tsuke.

Tuf.

Ƙwallon ya tashi a gaban mutum sama da talatin, ya sauka a danshin gindin Tsohuwa, kusa da na jiya da na shekaranjiya, waɗanda ban taɓa damuwa in share ba. Mahaifin Duktura ya miƙa hannu ya ɗauki guda, ya juya shi a tafinsa, ya ce wannan gajere ne, ba na gonar nan ba ne. Sai Sanusi, wanda Larabcinsa bai kai ya gane abin da ake ciki ba, ya ga ana yaba kayansa, ya ɗaga murya da fara'a:

"Ai na Bilma ne, Alhaji! Ni nake kawo masa. Shekara da shekaru, bai taɓa fashi ba. In kuna so in taho muku da buhu."

Da wani ya yi dariya, da na ji sauƙi. Da Hajji ya zage ni, da na gode masa. Ba wanda ya yi ko ɗaya. Hajja Mabruka ce kawai ta tambaya daga rumfa me ya faru, aka raɗa mata. Sai ta ce a kwance sunanta daga jikin itacen, a mai da ita mota. Ina tsaye cikin sabuwar rigata ina kallon ana kwance kwalayen ɗaya bayan ɗaya. Naman rago ya huce a faranti.

Da aka watse Hajji ya zo ya tsaya kusa da ni, amma Tsohuwa yake kallo.

"Ɗan kawuna ya ce in zo in ɗauka," ya ce. "Na ce masa ba na so."

Na buɗe baki in ba da haƙuri, na ga babu haƙurin da ya kai girman wurin, na rufe.

Duktura ta yi iya yinta. Ta ce akwai hanyar da ake raya dabino daga ɗan tsokar furensa a cikin kwalba, ta sa aka hau aka yanko abin da ya saura, amma ƙarfin Tsohuwa ya riga ya ƙare, bai kama ba. Da zafi ya dawo kanta ya bushe gaba ɗaya. Ranar da aka sare ta na tafi can ƙarshen gona na yi ta gyaran shingen da ba abin da ya same shi.

Na ɗaure kayana ina jiran sallama. Hajji ya ga ƙunshin a bakin ɗaki, ya ce in kwance. Na tambaye shi ko in tumɓuke ƙananan.

"Ba su ruwa," ya ce. "Su ba su yi laifi ba."

Har yau yana gaishe ni, yana tambayar lafiyar bayana, yana aiko mini da shayi da sukari. Amma bai sake taka wannan gefen gonar ba, kuma bai sake kama hannuna da hannu biyu ba. Ƙananan sun girma sun yi fure. Bakwai maza ne, ƙarti marasa aikin yi. Huɗun mata suna ba da wasu 'yan gajerun 'ya'ya masu tauri, waɗanda ba wanda ke ci a duk faɗin Sabha sai mutum ɗaya, kun san shi.

Ga darasin, kyauta, daga bakin wanda ya saye shi da tsada. Idan abin da ke sa gwanaye gumi ya zo maka a kan shebur ba wahala, kada ka yi saurin zargin kanka da waliyyantaka. Tsuguna ka tona, ka ga abin da ke ƙarƙashi. Ni na tsuguna, na gani, na kaɗe shi da yatsa. Yanzu kullum da safe ina jan tiyo ina shayar da shaidu goma sha ɗaya, kuma ga dukkan alamu duk za su ga ƙarshena suna cikin ƙoshin lafiya.